Amsa ga Hajiya a Marwa: yadda ake gane ruwa na yoyo a ƙarƙashin gida kafin a fasa daɓe

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kince gidanku na Domayo faktir ɗin ruwa, wato takardar kuɗin ruwa, ya ninka wata biyu a jere alhali ba wanda ya ƙaru a gidan, gindin bangon falo ta wajen kicin kullum a jiƙe fenti na ɓarewa, karo ɗin ƙasa, wato tayil, biyu ko uku sun ɗago, ga kuma wata tsaga ta fito daga kusurwar taga. Maƙwabta sunce ruwan ƙasa ne kawai ki rabu dashi, pulombiyen, wato mai gyaran famfo, da kika kira kuma yace a fasa falon a duba. Toh ni sana'ata kenan, a Garwa nake amma aiki yana kaini Marwa da Kusiri, dan haka bari in gaya miki yadda muke bin irin wannan.

Dan Allah kar ki bari kowa ya ɗora guduma akan daɓen nan tukuna. Fasa ƙasa shine abu na ƙarshe, kuma wanda ya ce a fasa tun bai je ya tsugunna gaban kontar ya duba ba kamar likita ne da zai yanka cikin mutum bai auna shi ba. Akwai gwajin da ke da kanki zaki iya yi yau ɗin nan ba tare da kin kashe ko dala ba.

Ki je wajen kontar ruwa, wato mitar da kamfanin ruwa Camwater suka sa muku a bakin ƙofa. Zaki ga lambobi baƙaƙe da jajaye. Baƙaƙen sune kib, kowane kib ɗaya lita 1,000 ne kuma dasu ake miki lissafin kuɗi, jajayen kuma sune lita. A yawancin kontar akwai wani ɗan ƙaramin abu a tsakiya mai haƙora ko mai siffar tauraro, shi wannan ko ruwa kaɗan ne ya wuce sai ya juya. Ki rufe duk robine na gidan, wato kan famfo, na tsakar gida da na kicin da na dush wajen wanka, ki gaya ma yara kar wanda ya taɓa famfo ko ya ja ruwan bayan gida, in kunada tanki a sama ki rufe makullin da ke kai masa ruwa, sannan ki tsaya ki zuba ma ɗan tauraron nan ido kamar minti biyar. In yana juyawa ko a hankali ne toh ruwa na fita a wani waje. In kinga kamar baya motsi kar ki yarda da ido, ki ɗauki hoton lambobin da waya ki jira awa biyu ki dawo ki sake ɗauka, wanda yafi ma shine a ɗauka da dare in kowa ya kwanta a sake dubawa kafin alwalar asuba.

Lambobin nan zasu gaya miki girman matsalar ma. A ce a cikin awa ɗaya lita 10 ta wuce, kinga a wuni da kwana lita 240 kenan, jarka 12 ta lita ashirin ashirin, a wata kuma sama da kib 7. In kuwa lita ɗaya ke wucewa duk minti, lita 1,440 kenan a rana, kib 43 a wata, kuma duk wannan ruwan ba sama yake tafiya ba yana nan ƙarƙashin ɗakin da kuke kwana.

Amma akwai abu guda da ke ruɗa mutane anan wajenmu, wato ɗauke ruwa. In an ɗauke ruwa tiyo ya cika da iska, lokacin da aka dawo dashi iskar ce ke fara wucewa kuma tana iya juya kontar da gudu, mutum ya ɗauka yoyo ne. Haka in ruwan ya zo ba ƙarfi, ramin da ke tiyo bazai zubar da komai sosai ba sai kiga kontar ta tsaya cik kice lafiya lau. Saboda haka gwajin nan sai lokacin da ruwa ya zo da ƙarfinsa ya zauna, ki buɗe robine ɗaya ya gama tari da furzar da iska sannan ki rufe ki fara. A unguwanni da yawa cikin dare ne ruwa yafi ƙarfi, kuma a lokacin ne ma yoyon yafi yin ɓarna kowa na barci. Sannan ki ɗauko faktir ɗin ki kwatanta lambar da aka rubuta akai da wadda ke jikin kontar yanzu, wani lokaci kuskuren karatu ne ba komai ba, in haka ne sai a je ajans, wato ofishin Camwater, a gyara.

Masu foraj da shato, wato rijiyar burtsatse da tankin sama, su basu da kontar, tankin ne ma'auninsu. A cika shi da yamma a kashe inji, a yi alama da alli ko a tsoma sanda a auna inda ruwa ya tsaya, a rufe robine duka a duba da safe. Wanda kuma yake da injin tura ruwa mai tashi da kansa, in kaji yana tashi tsakar dare yana kashewa alhali ba mai amfani da ruwa, ruwa baya tsami banza.

Toh a ce kontar ta nuna ruwa na wucewa. Har yanzu ba'a kai ga fasa falo ba, dan sau da yawa ɓarawon yana cikin banɗaki. Tankin bayan gida na zama in robarsa ta ƙasa ta tsufa ruwa na silalewa cikin kwanon dare da rana ba ƙara ba komai, ki ɗiga ɗan shuni ko bulun wanki a cikin tankin kar a ja, in bayan minti ashirin kinga launin ya sauko cikin kwano toh ga ɗaya nan. Tankin sama shima in ba'a rufe makullinsa ba kuma abin da ke tsaida ruwa idan ya cika ya lalace yana iya ambaliya ta bayan gida inda ba mai zuwa. Sai an kawar da waɗannan sannan a koma kan tiyo ɗin da aka binne. Daga nan aikin makullai ne: in akwai makullin ruwa a inda tiyo ya shiga ginin, ki rufe shi ki koma ki duba kontar. In ta ci gaba da juyawa yoyon yana tsakar gida tsakanin kontar da gini, wannan da sauƙi haƙa ƙasa ne kawai. In ta tsaya toh yana ciki, sai a bi ɗaya bayan ɗaya, a rufe na kicin a duba, a rufe na dush a duba. Gidajenmu da yawa makulli ɗaya tak garesu a wajen kontar, kuma shi yasa nake ce ma mutane gara a biya pulombiye ya yanka tiyo a waje ya sa makulli biyu ko uku, kuɗinsa bai kai na karo ɗin da za'a farfasa a falo ana lalube ba.

Yanzu maganar maƙwabta ta ruwan ƙasa. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, akwai shi, musamman gidajen da ke kusa da Mayo Kaliyawo ko a kwari, ko a Kusiri da Yagwa da Njamena inda Logon da Shari in sun cika ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tasowa kusa. Amma shi danshin ƙasa yanada kamanninsa. Yana bin gindin bango kusan ko'ina a gidan, bangon waje da na ciki, ya hau zuwa gwiwa ko ƙugu ya tsaya a layi kusan ɗaya, ya bar wani farin gishiri gishiri a jikin siminti, kuma da damina yake tsananta daga Yuli zuwa Satumba, in hunturu ya shigo iska ta bushe sai ya ja baya. Yoyon tiyo kuwa waje ɗaya yake kamawa, yafi jiƙa a tsakiya yana raguwa gefe gefe, kuma bai san rani ba bai san damina ba. Bangon da yake jiƙe a Marwa cikin watan Maris ko Afrilu, rana na dukan sama da digiri 40 an yi wata biyar ba ɗigon ruwan sama, wlh ni bazan ce masa ruwan ƙasa ba. Kuma ruwan ƙasa baya ninka faktir. Dan haka ma rani shine lokacin da yafi dacewa a yi wannan binciken, duk abinda ya jiƙe a lokacin yanada dalili.

Ki zaga gidan da safe kafin rana ta yi zafi ki duba ƙasa. Wajen da ciyawa ta yi kore shar ita kaɗai a tsakar gida, wajen da ƙasa ta yi duhu ko ta lotsa in an taka, inda gara ta fara gini a gindin bango ko tururuwa suka taru, ɗakin da ke warin rima in an buɗe shi da safe, tabarma ko kafet da ke yin sanyi ta ƙasa. Ki taka daɓen ba takalmi, inda ruwa yake ƙasa yafi sanyi. Ki ƙwanƙwasa karo ɗin da bayan cokali, wanda ya rabu da simintinsa ƙararsa daban take, holoƙo. In daɓen siminti ne zalla ki shimfiɗa leda fara ki manne gefunanta da sikoc, wato salatif, ki barta kwana ɗaya ko biyu, in ta yi gumi ta ciki danshi na tasowa daga ƙasa. Sai dai ki riƙe wannan: inda jiƙa ta bayyana ba lallai nan ramin yake ba. Ruwa na bin jikin tiyo da yashin da aka zuba ƙarƙashin daɓe ya yi tafiyar mita uku huɗu sannan ya fito inda ya samu sauƙi, shi yasa ake fasa falo kaf a tarar tiyo lafiyarsa ƙalau ramin yana bayan kicin.

Akwai kuma yoyon da kontar bata ganinsa sam, na tiyo ɗin da ke fitar da ruwan wanka da wanke wanke da na bayan gida zuwa fos, wato ramin da ruwan datti ke taruwa. Tunda jiƙar taki ta wajen kicin ce kar a manta dashi, zai iya yiwuwa ma duka biyun ne. Alamarsa wari, da jiƙar da ke ƙaruwa bayan an yi wanka ko wanki, da kyankyasai. Gwajinsa a toshe bakin tiyo ɗin a cikin regar, wato ɗan rami mai murfi inda tiyo ɗin ruwan datti ke haɗuwa, na waje da tsumma cikin leda, a zuba ruwa ta ciki har ya cika ya tsaya a bakin magudanar, a yi alama a jira awa ɗaya, in ya sauka toh akwai inda yake bi.

Abinda yafi damuna a cikin bayaninki ba faktir bane Hajiya, tsagar nan ce ta taga da karo ɗin da suka ɗago. Yankin Marwa har zuwa Kusiri akwai baƙar laka mai yawa, ƙasar karal da ake dasa masakwa a cikinta in damina ta wuce. Duk wanda ya taɓa ratsa karal da rani ya ga yadda take dardarewa har hannu na shiga cikin tsagar, in ta sha ruwa kuma ta kumbura ta haɗe ta yi danƙo. Toh gidan da aka gina akan irin wannan ƙasa ko mai kama da ita, muddin ƙasan duka ta bushe tare ko ta jiƙa tare yana iya jurewa. Matsala na zuwa ne in waje ɗaya ƙarƙashin harsashin yana shan ruwa kullum ya kumbura yana tura gini sama, sauran kuma suna bushe suna tsukewa, sai ginin ya zama rabi na hawa rabi na sauka, bulo kuma baya lanƙwasa sai dai ya tsage. Shi yasa tsagar ke fitowa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana bin layin bulo hawa hawa, ƙofar da da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, daɓe ya yi tozo karo su ɗago. A wajen da ƙasar yashi ce ko cikon da ba'a daddage shi da kyau ba, irin wasu unguwannin nan Garwa ta wajen Binuwai, akasin haka ake gani, ruwan na kwashe yashin a hankali ya bar rami ƙarƙashin daɓe sai ya lotsa. Gidan ƙasa kuwa na tubali ba'a ma magana, gindin bangon ne yake narkewa kuma baya yin gargaɗi mai tsawo, in bangon ƙasa ya jiƙe haka a fitar da masu kwana a ɗakin har a gyara.

Ki sa ido akan tsagar. Ki ja layi da biro a inda ta ƙare sama da ƙasa ki rubuta kwanan wata, sannan a shafa ɗan filatir ko siminti siriri a gicciye akanta waje biyu. In bayan sati biyu uku shafin ya tsage ko tsagar ta wuce layin biro toh ginin na motsi har yanzu. Tsaga siririya irin ta gashi a jikin shafe ba abin tashin hankali bace, amma wadda kuɗin ƙarfe ke shiga cikinta, ko ana ganinta ciki da waje a waje ɗaya, ko ta kama ginshiƙi, wannan ba aikin pulombiye bane kuma, a nemo injiniyan gini ya gani da idonsa.

Neman ainihin wajen ramin kuma aikinmu ne, ga abinda ya kamata kiga pulombiye yayi. Da farko ya tambayi inda tiyo ya bi, in maginin da ya yi gidan yana raye a nemo shi, in babu a bi hankali daga kontar zuwa kowane robine. Sannan saurare. Cikin dare in gari ya yi tsit ba babur ba janareto, a ɗora bakin dogon turnabis, wato sukudireba, ko guntun rodi akan robine ko makulli a kara kunne a ɗaya bakin, ruwan da ke fita ta ƙaramin rami yana yin wani siii da baya yankewa, kuma yana ƙara ƙarfi in ana matsowa kusa dashi, a ƙarfe yafi jiyuwa a roba sai an natsu sosai. Na uku gwajin matsi: a raba layin a toshe bakunansa a tura ruwa da ɗan famfon hannu mai agogo, a kai shi sama da ƙarfin da ruwan gidan yake zuwa dashi a rufe a zuba ma allurar ido. Layi mai lafiya allurarsa na tsayawa, mai rami tana sauka. Da haka ake sanin wane layi ne ba tare da an cire karo ko ɗaya ba. Akwai na'urori na saurare da kamara mai ganin zafi da sanyi, in an samu mai su madalla, amma waɗannan ukun sun isa a yawancin gidajenmu. In an yi duk wannan aka ce sai an buɗe, karo biyu zuwa huɗu ne ba falo guda ba.

In tsohon gida ne tun zamanin da ake cewa ruwan SNEC, wato tsohon kamfanin ruwa, akasari tiyo ɗin ƙarfe ne galba, shi kuma ta wajen zaren haɗi yake fara tsatsa, alamarsa jan ruwa da safe in an fara buɗe robine. Na roba PVC kuma a mahaɗa yake saki, ko gam bai isa ba, ko an gasa bakin tiyo a wuta an cusa wani ciki dan a yi tsimin kuɗin haɗi, ko an sa siririn tiyo na ruwan datti a inda ya kamata a sa mai kauri na matsi. Wani kuma an binne shi kai tsaye cikin kankare ko akan tsakuwa ba yashi, in laka ta motsa gini ya motsa sai ya karye daidai inda ya ratsa harsashi. Sai saiwar dalbejiya, wadda Marwa ke cike da ita, bata cika fasa lafiyayyen tiyo ba amma in ta ji danshi a mahaɗa sai ta bi ta shiga ta buɗa shi, musamman na fos.

Wajen gyara ra'ayina a fili yake: in tiyo ɗin da ke ƙarƙashin daɓe tsoho ne kar a tsaya yi masa faci. Wanda ya ɓule a waje ɗaya saboda tsufa zai ɓule a wani wajen baɗi, kuma a sake fasawa. A yanke shi a toshe a barshi a ƙasa ya mutu, a ja sabon layi na roba irin PPR ko baƙin tiyo mai naɗi ta bayan gini ko ta jikin bango inda ido ke gani, kowane reshe da makullinsa. Wasu matan basa son ganin tiyo a bango, na gane, ana iya rufe shi ko a shafa masa fenti, dama roba bata son rana ta dinga dukanta. Inda dole ya ratsa bango ko harsashi a sa shi cikin wani tiyo mafi faɗi dan ya samu wajen motsi, inda aka binne kuma yashi ƙasa yashi sama, kuma kar a rufe rami sai an sake gwajin matsi a gabanki. Ki sani duk abinda ke bayan kontar ta cikin gida na mai gida ne, gyaransa da ruwan da ya zube, in kuwa kafin kontar ne ta wajen titi sai a kai rahoto Camwater kar wani ya taɓa. In haya kuke ki nuna ma mai gidan hotunan kontar da na tsagar tun yanzu.

Kafin a gyara, ki dinga rufe babban makulli na wajen kontar da dare da duk lokacin da ba'a buƙata, ku tara na amfani a bokiti. In akwai soket a bangon da ya jiƙe a kashe wutar layin kar yaro ya taɓa. Sannan ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin tsaftace ruwa, dan ramin da ruwa ke fita ta cikinsa in an ɗauke ruwa tiyo ya zama fanko ta nan ne ruwan ƙasa mai datti ke komawa ciki, in kusa da fos ne ko masai kinsan abinda hakan ke jawowa, mu da muka ga kwalara a yankin nan a 2010.

Bayan an tsaida yoyon kar a yi gaggawar toshe tsagar bango da sake liƙa karo da fenti. Lakar da ta daɗe tana shan ruwa watanni take ɗauka kafin ta bushe ta koma mazauninta kuma ginin zai ɗan ƙara motsi a lokacin, tsagar ma tana iya matsewa da kanta ko ta ɗan buɗe. A bari shafin filatir ɗin nan ya yi wata biyu uku bai tsage ba sannan magini ya zo ya ɗinke ta, bangon kuma a kankare fentin da ya kumbura a barshi ya sha iska ya bushe sosai kafin a shafa sabo.